Wace Doka Ce Ta Aiko Ka?

Goggona, ƙanwar mahaifina, tun ina makarantar allo take sayar da koko da ƙosai a bakin titinmu a nan Kumasi. Da wannan kasko ta aurar da 'ya'ya mata uku, da shi take biyan haya da kuɗin wuta. Wata Talata da hantsi, mai ya yi zafi, ta fara jefa ƙullu ke nan, sai ga a-kori-kura ta tsaya. Mutum huɗu suka diro sanye da riguna masu sheƙi irin na masu aikin hanya. Ba sallama, ba takarda. Ɗaya ya sungumi tebur, ɗaya ya ja benci alhali yara biyu na zaune a kai da kofunansu, na ukun ya sa ƙafa ya tuntsurar da bokitin ƙullu cikin kwata. Babbansu ya ce mata da Tonanci, yaren Asante, in tana son kayanta ta kawo sidi 200 yanzu, in kuwa mota ta tashi, to sai 500 a ofis. Ta kwance haɓar zani ta ƙirga masa. Ya soke kuɗin a aljihun wando, aka sauke tebur, mota ta wuce gaba wajen mai waina.

Da na iso bayan azahar na tarar tana kankare ƙullun da ya bushe a jikin bokiti.

Na ce, "Goggo, wa ya aiko su?"

Ta ce, "Hukuma mana, ɗana."

"Wace hukumar? Sun nuna miki takarda? Sun ba ki rasit?"

Ta ɗago ta dube ni kamar na faɗi saɓo. "Kai dai bari. Wa ke tambayar hukuma takarda? Na bar su da Allah."

Wannan amsa tata ta fi ɓarin ƙullun ci mini rai. Ban ga laifinta ba, haka muka taso muka tarar. A zango duk wanda ya zo da riga mai tambari da murya mai kauri hukuma ne, ita kuwa hukuma sai dai a ba ta haƙuri. Iyayenmu sun ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasa, suka ga maƙwabta na karyar da kayan ɗaki don samun kuɗin mota. Wanda ya ga haka da idonsa dole ya koya wa 'ya'yansa cewa zaman lafiya shi ne kada ma'aikacin gwamnati ya san sunanka. Sai dai ni a ganina wannan tarbiyya ta gama amfaninta, yanzu cutar da mu take yi. Tambayar da Goggo ta ɗauka rashin kunya ce, a kanta aka gina dokar ƙasar nan gaba ɗaya: wace doka ce ta ba ka ikon yin abin da kake yi?

Lauyoyi suna kiran al'amarin da Latinanci, ultra vires, wato abin da ya haura iyakar ikon da aka ba mutum. Mu da Hausa sai mu ce ya wuce gona da iri, ko ya shiga hurumin da ba nasa ba. Ƙa'idar gajeriya ce. Ni da kai muna da damar yin duk abin da doka ba ta hana ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa, muddin da sunan aiki ya zo, ba shi da damar taɓa ka ko kayanka sai da abin da doka ta ba shi. Daga ɗan sandan da ke ba da hannu a Kejetia har shugaban ƙasa a fadar Jubilee, ikon kowa aro ne, a rubuce yake, yana da inda ya fara da inda ya tsaya. Abin da aka aikata a wajen wannan iyaka, kotu na iya cewa kamar ba a yi shi ba ne.

Wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami ya karanta babin wakilci, wannan ba zai zame masa baƙon abu ba. Ka ba dillali sa ɗaya ka ce ya kai kara ya sayar, ya je ya haɗa da saniyar da ka ɗaure don kiwo. Ko ya samo farashin da ya fi na kowa, cinikin saniyar bai zauna ba sai ka yarda, domin ba ka wakilta shi a kanta ba. Malaman fiƙihu suna kiransa cinikin fuduli, na mai shisshigi. Kuma duk yaron Islamiyya ya san huɗubar Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a, inda ya ce a bi shi matuƙar ya bi Allah da ManzonSa, in ya saɓa to ba shi da haƙƙin biyayya a kan kowa. Halifa guda ya zana wa kansa iyaka a gaban jama'a. Me zai sa mu ji nauyin tambayar mai karɓar kuɗin tikiti inda tasa iyakar take?

Kundin tsarin mulkin 1992 da wannan magana ya buɗe baki. Sashe na 1 ya ce mulki na mutanen Ghana ne, kuma za a yi amfani da ikon gwamnati ne ta hanyar da kundin ya tsara, cikin iyakokin da ya gindaya. Sashe na 23 ya wajabta wa hukumomi da jami'ai su yi adalci, su yi aiki da hankali, su bi sharuɗɗan da doka ta ɗora musu, ya kuma ba wanda aka cuta damar zuwa kotu. Sashe na 174 ya ce ba a ɗora wa kowa haraji sai da dokar Majalisa ko da izinin da dokar ta bayar. Sashe na 296 kuma ya zo kan jami'in da doka ta bar wa zaɓi, ya ce zaɓin nan amana ce, ba a yin sa da son rai ko ƙiyayya ko ganin dama.

To, mu ɗora maganar Goggo a kan wannan ma'auni, kuma zan faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Ƙafafun teburinta biyu a kan murfin kwata suke. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ba asambili, wato majalisar ƙaramar hukuma, ikon yin dokokin gari, da sanya kuɗin kasuwa da na lasisi, da kula da tsafta da hanyoyi. Saboda haka in an ce ta janye tebur daga kan kwata, ba a zalunce ta ba. Amma ikon asambili ba ya sauka a aljihun duk wanda ya sa riga mai sheƙi. Dokar gari sai an zartar da ita a zaman 'yan asambili an buga ta a Gazet, jaridar gwamnati, ko a wata jaridar da ke zagaya ƙasa. Kuɗaɗen da ake karɓa kuma akwai jadawalinsu da ake amincewa da shi kowace shekara. Ko da dokar garin ta yarda a ci tara nan take, adadin a rubuce yake, ba ya tashi daga 200 zuwa 500 don mota ta kunna, kuma rasit mai lamba ke biyo bayansa. Ikon da aka bayar don a buɗe hanya, in aka juya shi ya zama hanyar neman kuɗin cefane, an fita daga cikinsa ko da takardar aikin ta gaske ce. Ɓarin ƙullu kuwa, babu dokar da ta aiki kowa ya yi shi. Ga shi kuma bayan sun tafi, teburin yana nan daram a kan kwatar. Abin da aka ce an zo gyarawa bai gyaru ba, sidi 200 ne kawai suka sauya aljihu.

Asalin ƙa'idar a shari'ar Ingila yake, muka gada tare da kotunansu. A 1765 wani marubuci, John Entick, ya kai ƙarar manzannin sarki da suka fasa gidansa suka kwashe takardunsa da umarnin wani babban minista. Alƙali Camden ya nemi a nuna masa dokar da ta ba ministan wannan iko, aka rasa, sai Entick ya ci shari'a aka biya shi fam 300. A 1921 kuma hukumar unguwar Fulham a Landan, wadda doka ta ba ikon gina wuraren da mutane za su zo su wanke kayansu da hannunsu, ta buɗe sana'ar wanki, ma'aikatanta na karɓar kaya suna wankewa ana biya. Kotu ta ce ba wannan aka ba ta ba. Ba wanda ya ce wankin mugun abu ne. Iyaka dai an ce ba a aike ta ba.

Amma mu mutanen zangon Kumasi ba sai mun je Landan neman misali ba, domin ɗaya daga cikin shari'o'in farko da suka gwada wannan ƙa'ida bayan samun 'yanci a kan dattawanmu aka yi ta. A 1957, 'yan watanni da saukar tutar Ingila, gwamnatin Nkrumah ta ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Lardan, jigo a jam'iyyar Musulmi ta MAP da ke ɓangaren adawa. Dokar korar baƙi ta wannan shekara ta faɗa a fili cewa ba a korar ɗan ƙasa. Sai dattawan nan biyu suka yi abin da Goggo ke jin tsoro: suka tafi kotu suka ce su 'yan ƙasa ne, saboda haka minista ba shi da ikon korarsu. Tambayar ke nan tsirara, wace doka ce ta ba ka? Gwamnati ba ta jira amsar alƙali ba. A watan Agusta ta kai ƙudiri Majalisa, aka yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayen mutum biyun nan a kanta, wadda ta ba da ikon korarsu ta kuma kashe shari'ar da ke gaban kotu. Aka kai su Najeriya. Da aka ƙalubalanci sabuwar dokar, kotu ta ce Majalisa na da ikon yin ta.

Na daɗe ina juya wannan labari a raina. Abu biyu nake gani a ciki, kuma dukansu gaskiya ne. Tambayar tana da ƙarfin da ya sa gwamnati guda, da duk farin jininta na wancan lokaci, ta kasa fuskantarta a kotu sai da ta tayar da Majalisa. Sannan tambayar ita kaɗai ba ta isa ba, in har mai iko na iya zuwa ya rubuto wa kansa ikon da ya rasa kafin la'asar. Baffour Osei Akoto, babban mai magana da yawun Asantehene, sarkin Asante, shi ma ya ɗanɗana. An tsare shi a ƙarƙashin dokar 1958 da ta ba da damar kulle mutum har shekara biyar ba tare da shari'a ba, lauya J. B. Danquah ya tsaya masa, a 1961 Kotun Ƙoli ta ce alkawuran 'yanci da shugaban ƙasa ke furtawa a kundin 1960 ba abin da kotu za ta tilasta ba ne. Danquah kansa a kurkukun Nsawam ya rasu a 1965 a ƙarƙashin wannan doka. Kada kuma wani ya ɗauka ciwon na ɓangare ɗaya ne. Da 'yan adawar jiya suka hau, Busia ya sallami ma'aikata 568, ɗaya daga cikinsu mai suna Sallah ya kai ƙara ya yi nasara a 1970, Busia, wanda shi ne Firayim Minista, ya fito a rediyo ya ce babu kotun da za ta tilasta wa gwamnati ta mayar da kowa aiki.

Wannan ramin ne kundin 1992 ya zo ya cike. Ya ɗora kansa a saman Majalisar ma, ya ce duk dokar da ta saɓa masa batacciya ce gwargwadon saɓawarta, sashe na 2 kuma ya buɗe ƙofar Kotun Ƙoli ga wanda ke ganin an karya shi. An kuwa shiga ta wannan ƙofa. A Janairun 2016 gwamnatin Mahama ta karɓi 'yan Yaman biyu daga gidan yarin Guantanamo bisa yarjejeniya da Amurka. Da yawa a zango mun ji tausayinsu, 'yan'uwa Musulmi da suka shafe shekaru a tsare. A Yunin 2017 Kotun Ƙoli ta ce sashe na 75 ya wajabta a kai irin wannan yarjejeniya Majalisa, ba a kai ba, don haka shugaban ƙasa ya wuce huruminsa. A tsakiyar 2020 shugaba Akufo-Addo ya umarci babban mai binciken kuɗin gwamnati, Daniel Domelevo, ya tafi hutun kwana 123, daga baya aka mayar da shi 167, alhali sashe na 187 ya ce ofishin nan ba ya ƙarƙashin umarnin kowa wajen aikinsa. Ranar 31 ga Mayun 2023 kotu ta ce umarnin ya saɓa wa kundi. Mai lema, alamar jam'iyyar Mahama, ya faɗa, mai giwa, alamar ta Akufo-Addo, ya faɗa. Wanda ya yi murna da hukuncin farko ya ɓata rai da na biyu, ko ya ɓata rai da na farko ya yi murna da na biyu, jam'iyya yake bi, bai fahimci maganar ba tukuna.

A wannan rana ta 31 ga Mayu kotu ta kuma soke dokar taƙaita zirga-zirga ta 2020, mai lamba 1012, wadda aka jingina matakan korona a kanta. Ba wanda ya manta lokacin. An rufe masallatai, ladan na kiran salla yana cewa a yi a gida, daga 30 ga Maris aka kulle Accra da Kumasi mako uku. Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ya yi kira a bi umarni, muka bi, kuma har gobe ina ganin bin shi ne daidai. Amma kundi yana da tasa hanyar ta dokar ta-ɓaci a sashe na 31, inda Majalisa ke sa ido tana sabuntawa, aka bar ta aka bi wata da ta tara iko a hannun mutum ɗaya. Niyya ta yi kyau, annobar ma gaskiya ce, duk da haka kotu ta ce ba ta nan ake bi ba.

Inda na fi son mu tsaya mu yi wa kanmu hisabi shi ne kuɗin hanya. Ranar 17 ga Nuwamban 2021 ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya karanta kasafi, ya ce za a daina karɓar kuɗin da direbobi ke biya a shingayen manyan hanyoyi. Kafin gari ya waye ministan hanyoyi Kwasi Amoako-Attah ya ba da umarni a daina karɓa daga ranar 18, tun Majalisa ba ta zauna kan kasafin ba. Kakakin Majalisa Alban Bagbin ya ce a janye umarnin, domin kuɗin nan doka ce ta sa su, minista ba zai ɗage doka da takardar sanarwa ba. Ma'aikatar ta ce ta yi ne don kauce wa rigima tsakanin direbobi da masu karɓa. Shingayen dai suka zauna a rufe. Ina cikin masu murna a lokacin. A majalisarmu ta shayi, direbobin trotro, ƙananan motocin haya, da na manyan motoci sun ce wannan kakaki bai san wahalar layi ba, ni ma na gyaɗa kai. Sai daga baya na ga masu karɓar kuɗin, da yawansu naƙasassu, sun wayi gari ba aiki, da mata masu tallar burodi da ruwa a wuraren da kasuwarsu ta mutu dare ɗaya. Da an bi ta Majalisa, aƙalla da wani ya miƙe ya tambayi makomarsu kafin a rufe. Hannun da ya ɗage doka da takarda ɗaya don ya faranta mana, shi ne zai ɗora wata da takarda ɗaya ranar da ba mu so. Ranar nan na yarda da cinikin saniyar don farashin ya yi mini daɗi, kuma kuskure ne.

Har a cikin gida muna yin haka. Wani ya ci bashinka ya ƙi biya, maimakon ka kai shi kotu ko gaban manya, sai ka nemi ɗan sandan da ka sani ya ɗauke shi ranar Juma'a da yamma, da nufin ya kwana uku a sel danginsa su haɗo kuɗin. Bashi tsakanin mutum biyu ba laifin da ake kulle mutum a kai ba ne, karɓo bashi kuma ba ya cikin aikin ɗan sanda. Sashe na 14 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin awa 48 ko a sake shi, kuma a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar Kotun Ƙoli ta yanke a 2019 cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin. Wanda ya koya wa ɗan sanda tsallake wannan iyaka a kan maƙwabcinsa, da wane baki zai yi kuka ranar da aka tsallake ta a kan ɗansa? Haka 'yan sintirin unguwa. Muna bukatarsu, ni ma ina ba da kuɗin wata. Doka ta yarda su kama ɓarawo su miƙa shi, ba ta ba su bulala ba, ba ta ba su ikon yanke tara ba. Sashe na 19 ya ce ba a hukunta mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a doka. Sarakunanmu na zango suna sulhu, kuma sulhunsu ya raba rigingimun da kotu za ta shekara tana jan su, amma ƙarfinsa daga yardar ɓangarorin biyu yake fitowa.

Na san abin da wani zai ce, domin wani aminina ma'aikacin asambili ya faɗa mini a fuska. Ya ce, malam, in sai mun bi kowane layi na takarda kafin mu ɗaga tebur ɗaya, Adum da Alabar ba za su biyu ba, motar kashe gobara ba za ta taɓa isa kasuwa ba, kuma ku ɗin nan za ku fara zaginmu. Akwai gaskiya a maganarsa. Kumasi ta sha gobarar kasuwa, kuma mun sha ganin motar ruwa ta maƙale tsakanin tebura. Ita ma ƙa'idar ba ta ce sai an rubuta wa ma'aikaci kowane taku ba. Tun ƙarni na 19 kotuna suka yarda cewa wanda aka ba aiki an ba shi abin da aikin ba ya yiwuwa sai da shi. Abin da na ce masa shi ne, in ikon da kuke da shi bai isa ba, ku koma zauren asambili ku nemi ƙari a fili, a yi muhawara, a buga, kowa ya sani. Ni na fi son doka mai tsauri da na san iyakarta a kan sassauci da ke hannun ganin damar mutum huɗu a bayan a-kori-kura. Mai shago babba yana da lambar wayar da zai kira a sauke masa kaya. Goggo ba ta da kowa sai abin da aka rubuta.

Abin da ke karya mini gwiwa shi ne jinkiri da tsada. Hukuncin maganar Domelevo ya zo ne bayan kusan shekara uku, alhali tun Maris 2021 aka sallame shi zuwa ritaya. Dokar korona an soke ta bayan an gama amfani da ita, an ma ɗaure mutane a ƙarƙashinta. In masu manyan lauyoyi da ƙungiyoyi a bayansu sai sun jira haka, ina ga mai ƙosai? Ba wanda zai ɗauki lauya don sidi 200, kuma masu riguna masu sheƙi sun san da haka, shi ya sa ba sa neman abin da ya kai a yi shari'a a kansa. Duk da haka ƙofofin ba a kulle suke ba. Babbar Kotu na iya soke matakin hukuma, ko ta hana ta, ko ta tilasta mata yin aikinta, amma ƙa'idojin kotun sun ba da wata shida ne a shigar da irin wannan ƙara, wanda ya tsaya jiran a ba shi haƙuri sai lokaci ya wuce shi. Wasu ɗalibai daga Navrongo da hukumar jarrabawa ta WAEC ta soke sakamakonsu ba tare da ta saurare su ba sun kai har Kotun Ƙoli da sashe na 23, suka yi nasara. Ga CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da bin kadin zaluncin ofisoshi, da aka kafa a 1993. Kai ƙara wurinta kyauta ne, ba sai da lauya ba. Ga dokar samun bayanai ta 2019 da ta ba kowa damar neman takardar hukuma.

Yawancin abin ma ba ya bukatar kotu. Yana bukatar a san abin da aka rubuta. Mun iya tara jama'a don maulidi da ɗaurin aure da taron siyasa, muna da matasa da suka gama jami'o'in KNUST da Legon suna zaune a unguwa, wasunsu lauyoyi. Me zai hana kowace shekara ɗan asambilin unguwa ya kawo jadawalin kuɗaɗen nan, a fassara shi da Hausa, a manna a ƙofar masallaci da bakin kasuwa, a karanta a rediyo cikin shirin Hausa na dare? Don wannan muka zaɓe shi, ba don rabon shinkafar salla kaɗai ba. Mace ɗaya in ta ce a ba ta rasit za a iya yi mata tsawa. Mata ashirin a layi ɗaya da suka san adadin, suka kuma san akwai wanda zai rubuta lambar mota, wannan wani abu ne daban.

Na je na samo jadawalin bana ta hannun ɗan asambilinmu, bayan na yi masa sintiri sau uku. Na zauna a kan bencin nan na karanta wa Goggo da mai waina da mai wake abin da ya shafe su, layi-layi. Na kuma ce mata ta ja teburin baya daga kan kwata, domin a nan kam su ke da gaskiya. Ta yi ƙorafi cewa masu wucewa ba za su hango ta ba, amma ta ja. Takardar tana cikin leda a ƙarƙashin farantin da take ajiye canji. Ta ce mini, "Ɗana, ni fa ban iya karatun boko ba, in sun dawo me zan ce?" Na ce ta gaishe su da mutunci, ta tambayi sunan ofishin da ya aiko su, ta ce za ta biya duk abin da ke cikin takardar nan in za su rubuta mata rasit, sannan ta aiko yaro ya kira ni.